Motar da Inna Ba Ta Ji Zuwanta Ba

Ƙarar kwanon samira kawai na ji. Ya faɗi a kan simintin tsakar gida, ya yi ta juyawa a kan bakinsa yana wani kuka siriri kamar ba zai tsaya ba, sannan ya kife ya yi shiru. Ina ɗaki a lokacin, na baje takardun jami'a a kan gado ban karanta ko ɗaya ba, ina kallon hadarin da ke haɗowa ta taga. Ban ji ƙarar burki ba, ban ji ihu ba. Har yau idan kwano ya suɓuce wa wani a kicin, sai na tsaya cak na jira ya gama juyawa.

Kwanon na Inna ne, kakata, mahaifiyar Baba. A cikinsa take zuba wa kajinta tsaki.

Gidanmu yana Unguwar Sarki, a wani layi da kwaltarsa ta daɗe da cinyewa. Ina ƙarama Baba ya je ƙauye ya ɗauko Inna, lokacin da idonta ya fara tafiya. Da farko fuskoki ne suka ɓace mata, daga baya ƙofa da bango, har ya zama rana da dare sai ta ji su a fatar jikinta. Sunanta aka saka mini, shi ya sa take ce mini takwara, Baba kuma yake ce mini Uwata.

Baba ɗanta ne na fari, kuma Inna mutumiyar zamanin da ce. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, idan ta sassauta ta ce "babanku". Ba ta zama su yi hira. Idan ya shiga gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya fuska wajen bango ta amsa a taƙaice, kamar mai amsa wa baƙon da ya zo a lokacin da bai dace ba. Idan ba shi da lafiya ba ta tambaya, sai dai ta ce wa Mama, "Na ji gidan ya yi shiru yau, ko lafiya?" Ina yarinya na ɗauka ba ta son shi. Mama ce ta yi dariya ta ce kunyar ɗan fari ke nan, haka iyayensu suka tashi, wadda ta nuna son ɗanta na fari a fili sai a yi ta yi da ita a gari.

Amma Inna ta san kukan motarsa.

Tsohuwar mota ce, tun kafin a haife ni yake da ita. Salansarta ta sha walda har ta gaji, injin kuma yana da wani tari da yake yi idan an sassauta. Kowace yamma bayan la'asar, idan Baba ya taso daga ofishinsu da ke Doka, tun yana kwanar masallaci Inna take jin sa. Mu ba mu jin komai sai hayaniyar titi. Sai kawai ka ji muryarta daga ɗaki:

"Takwara, a buɗe ƙofa. A ɗora ruwan shayi."

Wani lokaci nakan tsokane ta. "Inna, wannan ai ta mai kemis ce."

"Ke tafi can. Ta mai kemis numfashi take yi kamar tsohuwar akuya. Je ki buɗe, kunnenki duk waya ta cinye."

Kuma ba ta taɓa yin kuskure ba.

Daga nan sai ta lalubi sandarta da kwanon tsaki, ta bi bango da tafin hannu ta fito, wai za ta kore kajinta daga hanyar mota. Kajin nan ba su da abin yi a hanyar mota. Ita ce take watsa musu tsakin a daidai wurin, su taru, sannan ta yi ta korarsu da sanda tana faɗa. Idan motar ta shigo, za ka same ta tsaye a gindin mangwaron da ke gefen ƙofa, ta juya baya rabi. Baba zai tsaya, ya sauke gilashi.

"Barka da gida, Inna."

"Yauwa. Ka taka mini kaza ka gani."

Shi ke nan. Ya wuce ya ajiye mota, ita kuma ta koma ɗaki tana gunaguni a kan kaji. Na daɗe ina kallon wannan abu kafin na gane cewa duk yinin Inna a kansa yake rataye. Ba ta girki, ba ta saƙa, carbi ma a zaune take ja. Aiki ɗaya ya rage mata a duniya da babu wanda ya fi ta iyawa: ta riga kowa sanin ɗanta ya dawo, ta tarye shi ba tare da an ce ta tarye shi ba.

Sai mai ya yi tsada. Tsohuwar motar shan mai take yi kamar rijiya, Baba ya fara ajiye ta wasu ranaku yana hawa keken haya mai ƙafa uku. A irin ranakun Inna takan yi shiru, ta ƙi cin abin kirki. Wani abokin aikinsa ne ya yi ta ba shi labarin irin motocin nan masu haɗa fetur da batir, waɗanda ake ce wa haibirid, har ya sayar da tsohuwar ya haɗa da ajiyarsa ya sayi ɗaya, ta hannu, fara, an shigo da ita daga waje.

Ban taɓa ganin Baba da murna irin ta makon nan ba. Mutum ne mai kame kai, amma sai ga shi yana fita da tsumma da asuba yana goge ta. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai shagon yadi a kasuwa, ya zo ganin ta, ya zagaya ta hannu a baya.

"To tayar da ita mu ji."

"Ai a tashe take, Alhaji."

Alhaji ya kara kunne a kan bonet. "Malam, an dai cuce ka. Firij aka sayar maka da tayoyi."

"Firij ɗin nan tun ranar Litinin ban shiga gidan mai ba. Kai kuma jiya na wuce ka a layi kana fifita da hula."

"Bari batirin ya mutu, ni zan ara maka hular."

Baba ya yi ta dariya. Yakan ce idan ya tsaya a cunkoso injin yakan kashe kansa, ya zauna cikin shiru yana jin karatu a rediyo kamar yana falonsa. Yakan ce ƙafarsa ta daina ciwo. Abu ɗaya ne kawai ya dame shi. Idan motar tana tafiya a hankali, kamar lokacin shiga layi ko shiga gida, takan yi wani sauti daga gaba, ba kukan inji ba, wani zuuu mai laushi da yake hawa yana sauka. Da zarar ta ɗauki gudu sai ya ɗauke. Yaran layinmu suka sa mata suna motar aljanu, suna bin ta a baya suna kwaikwayon kukan da baki.

Ni sautin ya yi mini daɗi. Ya yi mini kama da abin da kake ji idan ka shafa jiƙaƙƙen yatsa a bakin kofin gilashi. Na taɓa rubuta 'yan baitoci a kansa, na yaga.

Kwana biyun farko Baba ya shigo Inna ba ta sani ba. Da ya leƙa ya gaishe ta, ta amsa, amma bayan ya fita ta daɗe tana murza bakin zanenta. A rana ta uku ta sa na shimfiɗa mata tabarma kusa da taga. Da yamma na gan ta ta karkata kai, bakinta a ɗan buɗe.

"Takwara, wani abu na kuka kamar zuma ta shiga tulu."

"Sabuwar motar Baba ce, Inna."

"Ita ce wannan? Muryar mace gare ta." Ta ƙara saurara. "Ba ta kai tsohuwar ba, amma za mu saba."

Kuma ta fara sabawa. Ba ta jin ta daga kwanar masallaci kamar da, sai ta shigo layinmu, don haka ta koyi yin sauri. Kwanon tsaki ya koma kwana a gefen matashinta. Kafin mako ya zagayo ta koma gindin mangwaro, tana gargaɗin Baba kada ya taka mata kaza.

Amma sautin ya ci gaba da cin Baba a rai. Duk wanda ya ji sai ya ce wani abu ne ya lalace. Alhaji ya ce borus ɗin taya ne. Wani a masallaci ya ce alamar batir ya kusa mutuwa ce, kuma batirin irin motar nan ba ƙaramin abu ba ne. Baba ya tsufa a kan tarbiyyar cewa mota mai lafiya ba ta kukan da ba a san dalilinsa ba. Ya kai ta wajen makanikinsa na shekaru, a wani gareji can bayan Abakpa. Aka canja borus na tayoyin gaba, kukan bai daina ba. Makanikin ya kira wani mai wayarin, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashinta ya bi sautin da kunne har ya gano inda yake fitowa a bayan bamba, ya zare wata waya.

Da yamma Baba ya shigo gida babu ko motsi, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ya fito yana murmushi.

"Uwata, kin ji? An gano matsalar. Yanzu ta zama mota."

Inna tana ɗaki a zaune, kwano a cinyarta, tana jira.

Daga ranar ba ta ƙara jin zuwansa ba. Shi da kansa yake sauka ya buɗe ƙofa, kuma ƙofar tamu ba ta da ƙara, Baba mai yawan zuba wa abubuwa mai ne. Sai dai kawai ta ji sallamarsa a kanta. Na ga tana firgita, hannunta ya kai ga ɗankwali. Ba ta ce komai ba, don faɗin hakan yana nufin ta amsa cewa jiransa take yi. Sau ɗaya ne ta tambaye ni, muna zaune ina tsefe mata kai.

"Matar nan ta daina magana ne?"

"Wace mata, Inna?"

"Motar."

"An gyara ta ne."

"Uhm," ta ce. "An gyara ta."

Mama ta lura kafin kowa. Ta ce wa Baba ya riƙa danna hon idan ya iso ƙofa, ko sau ɗaya. Ya kalle ta kamar ta ce ya shiga masallaci da takalmi.

"In yi wa Inna hon? A ƙofar gidan da take ciki? Sai ka ce ɗan acaɓa."

Bai taɓa yi ba a tsohuwar motar, bai ga dalilin da zai fara ba. Ni kuma ban iya gaya masa abin da na gani ba. Yaya zan ce masa mahaifiyarsa jiransa take yi kullum, alhali ita ta kwashe rayuwarta tana ɓoye hakan? Ina ganin kamar zan yaye mata mayafi ne a gaban mutane.

Sai Inna ta sake dabara. Tunda kunne ya daina yi mata aiki, ta koma ga lokaci. Da an sallame la'asar sai ta fito da kwanonta, ta watsa tsaki kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare da wuri, ta yi ta kai da komo tsakanin mangwaro da hanyar mota. Wata rana ta daɗe a tsaye har ƙafafunta su kumbura. Kajin suka yi ƙiba. Idan na ce ta zauna in kawo mata kujera, sai ta ce wa ya gaya mini jiran wani take yi.

Ranar da abin ya faru, 'yan garuwa sun kawo mana ruwa da rana, suka fita suka bar ƙofa a buɗe. Baba ya taso da wuri don gudun hadari. Inna ma ƙanshin ruwan ne ya fito da ita kafin lokacinta, tana so ta kora kaji cikin akurki, wannan karon da gaske. Tana bayan murfin ƙofa, inda ba a ganin mutum daga waje. Ta saurara, kamar yadda take yi kafin ta taka ko'ina, ba ta ji komai ba, ta sako ƙafa. Baba kuma ya ga ƙofa a buɗe ya karyo kan mota, tafiyar da ba ta fi ta mutum a ƙasa ba.

Gefen bamba ne ya taɓa gwiwarta. Ko tabo bai bari a jikin motar ba.

Da na fito na tarar da Baba a durƙushe a kan siminti, ya tallabo kanta, yana ta salati. Kaji sun dawo suna tsattsagar tsakin da ya zube a kusa da su. Inna ba ta yi kuka ba. Fuskarta tana jikin rigarsa, kusancin da ban taɓa ganin sun yi ba, kuma ko a lokacin ƙoƙari take ta juya kai gefe. Ruwa ya fara sauka da manyan ɗigo. Abin da ta fara faɗa shi ne:

"Takwara, ɗauke mini kwanon nan kada ya jiƙe."

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi mata aiki, aka ce ya yi kyau, amma ƙafar ba ta ƙara ɗaukar ta ba. Muka dawo da ita gida a kwance. Ta sa aka juya gadonta kanta ya koma wajen taga, wai iska take so.

Baba ya daina goge mota. Bai sayar da ita ba, don ba shi da wata hanyar zuwa aiki, amma bai ƙara yabon ta a gaban kowa ba. Idan Alhaji ya tambaye shi yaya firij, sai ya ce lafiya, ya wuce, har Alhajin ya daina tambaya. Ya kuma daina shigo da ita gida. A waje yake ajiye ta, jikin katanga, ya shigo da ƙafa. Na lura tafiyarsa ta canja. Mutumin da yake takawa kamar mage ya koma jan takalmi a kan tsakuwa, yana kaɗa makullai a hannu, yana gyaran murya tun daga bakin ƙofa. Babu wanda ya gaya masa. Ranar farko da ya yi haka ina zaune a bakin gadon Inna. Ta ɗaga yatsa ɗaya.

"A ɗora ruwan shayi," ta ce, a hankali.

Na tafi kicin na tsaya a gaban risho ina kuka, har ruwan ya tafasa ya ƙone rabi.

Baba ya rame a watannin nan fiye da Inna. Yakan zauna a gaban abinci ya tashi bai taɓa ba. Wata safiya ya shigo gaishe ta, ya durƙusa a inda ya saba, ya daɗe bai tashi ba. Inna tana fuskantar bango. Sai ta yi magana, da ni take yi, ko da yake yana nan yana ji.

"Takwara, ki ce wa wancan ya riƙa cin abinci. Ni ce na fita ban ji ba. Abin da ba shi da murya, wa zai ga laifin wanda ke cikinsa?"

Baba ya matso bakin gadon ya sunkuyar da kai. Ta miƙa hannu baya tana lalube, kamar mai neman sandarta, hannun ya sauka a kan hularsa. Ta bar shi a nan ɗan lokaci kaɗan, sannan ta janye tana tambayar wa ya ajiye mata kaya a hanya.

Ba ta ga wata daminar ba. Kwanciya ta ci ƙarfinta, ƙirjinta ya cika, ta tafi wata ranar Alhamis da hantsi. Mama ta rabar da kajin ga maƙwabta. Kwanon yana wajena, gefensa ya ɓantare a inda ya bugi siminti. Baba har yau a waje yake ajiye mota, kuma har yau yana jan takalmi idan ya shigo, ina jin bai ma san yana yi ba.

Na gama karatu, na fara koyarwa a wata makaranta. Cikin malaman akwai wata Anti da ta girme ni, mai son motoci, wadda takan rage mini hanya. Wata yamma ta ce za ta biya Abakpa ta karɓi ɗinki. Da muka bar babban titi muka shiga layin telan, ta sassauta saboda yara, gilashina a sauke. Sai na ji shi. Zuuu, yana hawa yana sauka, zuma a cikin tulu. Na riƙe jakata da hannu biyu.

"Anti, taki ma tana da matsalar nan? Ta babana ta yi, sai da aka gyara masa."

"Wace matsala?"

"Kukan nan."

Ta yi dariya tana kauce wa wani mai baro. "Ƙanwata, ai ba lalacewa ba ce. Haka aka ƙera ta. Wata 'yar ƙaramar lasifika ce a bayan bamba. Kin san idan tana tafiya a hankali batir kawai take ja, ba a jin ta, shi ne suka sa mata murya don masu tafiya a ƙasa su san tana zuwa. An ce ma tun asali saboda makafi aka yi shi."